Furen da Gwaggo Ta Kawo Daga Gabas

Kwanakin baya 'ya'yan yayana suka zo suka ɗauke ni a mota, wai in je in sa albarka a sabon ginin da suka yi a gidanmu na Unguwar Ya. Na je na sa albarka, domin gaskiya sun yi ƙoƙari. Sun rushe ɗakunan ƙasa duka, sun malala siminti tun daga zaure har bakin bayi, ko tafin hannu na ƙasa ba su bari ba. A falo na ga wani fure ja da fari a cikin kwalba, na sunkuya na kai hanci, sai matar gidan ta yi dariya ta ce, "Hajiya, ai na roba ne." Na ce to, madalla. Da na fito tsakar gida sai na tsaya ina neman inda randunanmu suke a da, na kasa ganewa, har sai da na auna da bishiyar tsamiyar maƙwabta da ke leƙowa ta kan katanga. A wurin yanzu famfo ne da bokitin roba. Na daɗe a tsaye, yaran suna zaton ginin nake yabawa.

Gidan da na sani ba shiru gare shi irin na yanzu ba. Kafin rana ta fito za ka ji guga tana dukan bakin rijiya, sannan tarin Baba idan ya dawo daga masallaci, sannan taɓarya. Innarmu da matan ƙannen Baba su uku suke haɗuwa a turmi ɗaya, suna lugude suna tafi, mu kuma muna gefe muna korar kaji daga tsaba. Yanzu ko a ƙauye inji ake kai wa surfe, yarinya ta girma har ta yi aure ba ta san nauyin taɓarya ba. Ni na san shi tun ina ƙarama, don ni ce babbar mace a ɗakinmu. Ni ce ɗebo ruwa, ni ce wanke-wanke, ni ce shara, ni ce kai wa Baba fura gona. Ƙanwata kuwa, wadda kowa ke ce wa Auta, shekara biyu da wani abu na ba ta, amma idan aka aike ta ɗebo wuta a maƙwabta sai ta tsaya kallon tururuwa a hanya har garwashin ya mutu. Ba ta da hanzari, ba ta da baki. Ban taɓa ɗauka akwai abin da za ta fi ni ba a duniya.

Sai Gwaggo ta dawo. Yayar Baba ce, ta tafi aikin hajji ta ƙasa ita da mijinta tun kafin a haife mu. Mijin ya rasu a ƙasar Sudan a hanyarsu ta dawowa, ita kuma ta zauna can shekaru masu yawa tana sayar da abinci, har aka fid da rai da ita. Ranar da ta sauka, mutane sun cika gidan suna jiran ganin tsaraba, amma abin da ta fara saukewa da hannunta, ta hana kowa taɓawa, wani gwangwani ne mai tsatsa naɗe da tsumma, a cikinsa wani ɗan itace mai ganye bai fi goma ba. Ta ce a bayan babbar mota ta riƙe shi a cinyarta kwana da kwanaki, ruwan da ake ba ta ta sha, rabi take sha ta ba shi rabi. Matan gida suka kalli juna. Innarmu ta tambaye ta ko magani ne. Gwaggo ta ce, "Ba ya maganin komai. Ƙamshi kawai yake yi." Can inda ta zauna ful suke ce masa, daga baya na ji 'yan boko suna cewa yasmin, amma mu furen Gwaggo muka sani.

Ta samu wata tsohuwar randa da ta tsage a gindi, ta cika ta da yashin rafi da tsohon takin akuya da ya riga ya zama gari, ta dasa shi a ciki, ta ajiye kusa da randunan ruwa inda inuwar rumfa ke sauka da rana. Ta kewaye shi da kara da ƙaya, ta yi masa 'yar ƙofa da ake ɗaurewa da igiyar rama. Ban taɓa ganin shuka mai shagwaɓa irin wannan ba. Mu da muka saba da kuka da magarya, waɗanda ba wanda ke tambayar lafiyarsu, sai ga itacen da ba ya son rana tsaka, ba ya son sanyi, ba ya son ruwa ya kwanta masa a gindi, ba ya kuma son ƙishi. Lokacin ɗari Gwaggo takan lulluɓe shi da tsohuwar tabarma da yamma ta yaye da hantsi. Takan barbaɗa toka a kewayen randar saboda gara. Ba ta ba shi ruwan da aka jawo daga rijiya nan take, sai wanda ya kwana a randa. Shekara ta zagayo ya yi reshe, ya haura kan karan, sai wata rana da yamma, ana shirin kiran magariba, wani ƙamshi ya cika gidan har Baba ya leƙo daga zaure ya ce wa ya fasa kwalbar turare. Furannin ƙanana ne farare, ba su fi girman wuri na kuɗin da ba. Gwaggo takan tsinke su da sassafe ta zuba a adudun kayanta, ta ba Baba kaɗan ya sa a cikin gafakar littattafansa. Mutanen da ke zuwa ɗaukar karatu wurinsa har suka riƙa cewa littattafan Malam ƙamshin Makka suke yi. Yau turare kala-kala ne a kasuwa, na fesawa da na shafawa, amma duk hawa kai suke yi. Wancan ba ya hawa kai, sai dai ka ji kamar an sauke maka wani kaya.

Ni nake ɗebo ruwan da ake ba furen nan. Wannan nake so a riƙe, don shi ne ya daɗe yana cin raina. Tulu huɗu nake yi da safe, uku da yamma, wuyana har ya yi kanta. Auta ba ta ɗebo komai, sai dai ta tsuguna a gefen Gwaggo ta zuba ido, wani lokaci ta sa yatsa ta cire busasshen ganye. Da damina ta faɗi, Gwaggo ta kira mu mu biyu ta ce za ta koya mana yadda ake samun ɗa daga jikinsa. Ta zaɓi reshen da bai yi ɗanye sharaf ba, bai kuma tsufa ba, mai kaurin tsinken tsintsiya, ta yanka a ƙasan gaɓa, ta ƙirga gaɓa uku, ta zage ganyen ta bar biyu a sama. Ta ba kowaccenmu ɗaya da kasko cike da yashi. Ta ce mu soka gaɓa biyu a cikin yashin, mu kife da sakaina mai huji, mu ajiye a inuwa, mu riƙa yayyafa ruwa, kada mu kwarara. "Sannan ku manta da shi kwana arba'in," in ji ta. "Mantawar ita ce aikin."

Ni ban iya mantawa ba. Kwana biyar na zare nawa in ga ko ya yi saiwa, na mayar. Kwana tara na sake zarewa. Da na ga ya fara yaushi sai na ƙara masa ruwa har yashin ya zama taɓo. Ya yi baƙi ya ruɓe. Na Auta kuwa, kafin a fara yankan gero, ya fid da toho biyu kore shar. Gwaggo ta ɗaga kaskon ta kai wa Baba har zaure, ta dawo ta kama hannun Auta ta buɗe tafin tana dubawa kamar za ta karanta wani abu a ciki, ta ce, "Wannan hannun Allah ya sa masa albarka. Ko taɓarya ta soka a ƙasa sai ta yi ganye." Matan gida suka yi dariya. Ni ina bakin randa da tulu a ka, ba wanda ya ce mini sannu. Ɗan da Auta ta samu aka aika wa wata aminiyar Gwaggo a wani ƙauye. An sake ba ni reshe sau biyu a daminar, duk suka mutu. A na ƙarshen Gwaggo ta ce mini, ba da faɗa ba, "Ke kina da ƙarfi da zuciya, 'yata, amma kina so abu ya yi don ke kin ce ya yi." Na fi son a ce ta zage ni.

Tun daga nan wani abu ya zauna mini a ƙirji. Idan Gwaggo ta dafa shayinta irin na can, mai citta da kanumfari, Auta take rage wa a kofi. Idan ta jera furanni a zare, wuyan Auta take ratayawa. Ni ma takan ba ni, ba zan yi mata ƙarya tana kabari ba, amma sai ta ba Auta tukuna. Na riƙa ƙirgawa. Yaro ba ya mantuwa da wanda aka fara miƙa wa.

Da bazara ta kama, idon Gwaggo ya yi tsanani. Yanar ido ta rufe mata ɗaya, ɗayan ma ya fara hazo. Baba ya ji labarin za a yi aikin ido a asibitin Birnin Kudu, ya ce za a kai ta ta zauna gidan wani ɗalibinsa har a yi mata ta warke. Ranar tafiya, an riga an ɗaura wa jaki kaya, ta tsaya a bakin shingen furen ta ce a kira mata yara. Na matso gaba, don a ganina ba sai an faɗa ba, ni ce babba. Ta laluba ta wuce kafaɗata ta dafa kan Auta. Ta ce, "Ga amanata nan. Safe da yamma, moɗa uku-uku. Ki ɗaure ƙofa, kin ga awaki ba su da abin ci yanzu." Sannan ta juyo wajena ta ce, "Ke kuma kada ki bar randa ta bushe mata." A gaban kowa da kowa. Ni ce jakar ɗebo ruwa, ita ce mai amana.

Kwana goma sha ɗaya Auta tana yin yadda aka ce. Ranar na sha biyu aka yi suna a gidan da ke bayan namu, matan gida duk suka tafi tun hantsi. Na ce kaina na ciwo, saboda haka aka aiki Auta ta kai wa Baba fura can gona inda yake sharar daji. Kafin ta fita na ga ta shayar da furen, ta ɗaure igiyar, ta ja ta gani. Gidan ya yi tsit, sai kukan kurciya da kiɗan ƙwarya daga gidan suna. Awakinmu uku suna gindin rumbu suna lasar ƙasa, haƙarƙarinsu a waje. Ban shirya komai ba, ko kuma na shirya ban faɗa wa kaina ba. Na tashi kamar zan sha ruwa, na tsaya a bakin shingen. Ƙulli biyu ta yi, sai da na sa haƙori kafin na biyun ya kwance. Na tura ƙofar da ƙafa kaɗan, na koma ɗaki na kwanta na juya wa ƙofa baya. A raina na ce ganye kaɗan za su ci, a yi mata faɗa, a san ita ma tana kuskure. Sai na ji karan shinge yana karyewa, na ji awakin suna ture juna, daga nan na ji wani ƙara mai nauyi, tim, randar ta faɗi ta tarwatse. Da na fito a lokacin na tattara saiwar na rufe da jiƙaƙƙen tsumma, da wataƙila ya rayu. Ban fito ba. Na bar shi a ranar bazara tun azahar har la'asar.

Kukan Auta ne ya tara mutane. Ta durƙusa cikin ɓaraguzan randar tana tattara guntayen saiwa a zaninta. Innarmu ta shigo ta gani, kunya ta kama ta, don kayan yayar miji ne, kuma 'yarta aka ba amana. Ta karyo tsumagiya ta hau Auta da duka tana cewa, "Ban ce ki riƙa ɗaurewa ba? Sakarya, mai kallon tururuwa!" Auta tana cewa, "Na ɗaure, Inna, wallahi na ɗaure," har ta koma cewa, "Ina jin na ɗaure." Inna ta juyo ta tambaye ni ko ban ji komai ba. Na ce barci ya ɗauke ni. Ina tsaye a bakin ɗaki ina kallo har tsumagiyar ta ƙare. Abin da zan faɗa yanzu ban taɓa faɗa wa malami ko miji ba: a wannan lokacin daɗi na ji. Bai daɗe ba, amma na ji shi. Auta ta sake dasa kututturen a wani kasko, ta yi ta ba shi ruwa, bai ko motsa ba.

Gwaggo ta dawo da ido ɗaya a rufe da auduga. Da yamma aka shigo da ita, tana taka zaure ta tsaya ta ja numfashi sau biyu, ta ce, "Ina ful ɗina?" Inna ta fara ba da haƙuri tana zagin Auta. Gwaggo ta zauna a bakin rumfa, ba ta yi kuka ba, sai dai ta ce, "Shi ke nan abin da ya rage mini na can. A bakin ƙofar ɗakin da maigidana ya rasu na karyo shi." Sai a ranar muka san daga inda ya fito. Can sai muka ga Auta ta rarrafa ƙarƙashin rumbu, inda duwatsun da ke ɗauke da shi suka bar wani wuri mai sanyi, ta jawo wani kasko a kife da sakaina. Ta kawo gaban Gwaggo, ta ce tun ƙarshen damina ta karyi reshe ba da izini ba, ta ɓoye, tsoro ya hana ta faɗa. Ga shi nan da ganye shida. Gwaggo ta shafa ganyen da yatsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta rungume ta, a nan ne ta yi kukan. Baba da kansa ya ce Allah ya yi wa Auta albarka. Na so in rage mata daraja, na ƙare da ninka mata ita.

Bayan kwana biyu aka ce in riƙe hannun Gwaggo in kai ta gaisuwa maƙwabta. Muna cikin lungu, ba kowa, ta ce, kamar da kanta take magana, "Yarinyar nan ƙulli biyu take yi. Ni na koya mata. Akuya kuwa ba ta da yatsu." Na jira ta ƙara wani abu, ba ta ƙara ba. Ba ta faɗa wa Baba ba, ba ta faɗa wa Inna ba, ba ta canza mini fuska ba har ta bar duniya bayan shekara uku. Ina jin ta bar mini ne in faɗa da bakina. Ni kuwa na ga tunda ta yi shiru, maganar ta mutu.

Aka yi mini aure a Birnin Kudu, gidan rufin asiri, mijina yana da shago a kasuwa. Auta aka kai ta Dingaya ta ƙasar Gwaram, gidan manoma, ta tafi da furen a cikin kayanta, don Gwaggo ta ce nata ne. Idan aka bi ta lissafin mutane ni na fi ta komai. Ni na fara zuwa Makka, ni ce mai gidan bulo da lantarki, 'ya'yana sun yi boko. Amma duk lokacin da na je Dingaya biki ko gaisuwa, tun daga bakin gari nake jin abin nan na ƙirjina yana tasowa. Ta raba furen gida-gida. Amarya idan za ta tare sai a zo a karɓi ɗa a wurinta, mace idan ta haihu sai ta aika mata da furanni a ƙwarya. Da yamma unguwarsu duka ƙamshin gidanmu take yi, kuma ba wanda ya san wata Gwaggo, furen Inna Auta suke cewa. Nata na tsakar gida ya haura rumfa ya sauko ta ɗaya gefen. Duk zuwa sai ta ba ni ɗa a gwangwani, in kawo gida ya mutu. Idan ta tambaya in ce ruwan famfo ne, ko in ce zafin siminti. Daga baya na sayi wani a wurin masu sayar da shuke-shuke a leda a bakin titi, ya yi ganye kamar me, bai taɓa fure ba. A zamanin nan komai na sayarwa ne, har ƙasar da za ka zuba a tukunya, amma hannu ba a sayar da shi.

Bara waccan ciwon sukari ya matsa wa Auta, 'ya'yanta suka kawo ta ganin likita, ta sauka a gidana mako biyu. Mun tsufa mu biyu, mazajenmu sun rasu, daga ni sai ita a cikin waɗanda suka san gidan nan na da. Ranar farko da za mu asibiti na kulle ƙofa, mai keke yana jira, sai ta koma ta ja kwaɗon. Muka taka kaɗan ta sake komawa ta ja. Washegari ma haka. Na ce, "Ke Auta, ba ki yarda da kullewata ba ne?" Ta yi 'yar dariya ta ce, "Ba ke ba ce, Yaya, ni ce. Yarana ma tsiya suke yi mini. Tun ranar awakin nan ban ƙara yarda da hannuna a kan ƙofa ba. Sai in ga kamar na ɗaure, alhali ban ɗaure ba. Ko sallah nake sai in yi ta kokwanton raka'a."

Muka je asibiti muka bi layi. Da muka dawo muka zauna muna tsinke zogale a tire, na ce, "Kin ɗaure." Ta ɗago. Na ce, "Ƙulli biyu kika yi. Ni na kwance, da haƙorina." Na faɗa mata duka, har da kwanciyar da na yi ina jin randar ta fashe. Na zaci za ta ce ai ta sani, ko ta ce yarinta ce. Ba ta sani ba. Ta ajiye zogalen ta daɗe tana kallon hannayenta. Sannan ta ce, "Kina tsaye fa, Yaya. Lokacin da Inna ke dukana kina tsaye a bakin ɗaki." Na ce ina tsaye. Ta tashi ta shiga ɗaki. Kwana biyu ba ta yi mini magana ba in ban da gaisuwa, abinci ma kaɗan take taɓawa. A kwana biyun nan na san cewa idan ta koma Dingaya a haka, ba ni da sauran kowa.

A rana ta uku da hantsi ta fito ta same ni a tsakar gida, ta ce, "Na yafe miki, don ina so Allah ya yafe mini nawa. Amma zan faɗa miki wani abu. Gwangwani nawa na ba ki a shekarun nan? Ko sau ɗaya ba ki taɓa cewa, Auta, yaya ake yi ba." Na buɗe baki zan kawo maganar ruwan famfo, na rufe. Na ce, "Koya mini." Ta sa aka kira ɗanta a waya ya taho mana da rassa a jiƙaƙƙen buhu. Muka durƙusa mu biyu da gwiwoyinmu masu ciwo, ta nuna mini abin da aka nuna mini tun ina yarinya ban ji ba. Ta sa na fasa simintin wani lungu da rana ba ta daɗewa, ta ce in riƙa tara ruwan famfo ya kwana. Ta ce idan hannuna ya yi ƙaiƙayin tonawa in ɗauki carbi. Cikin biyar da muka soka, ɗaya ya kama.

Daminar bana ya yi fure, guda uku. Na zauna a gabansu tun la'asar har suka buɗe, sannan na sa aka kira mini Auta a waya. Na ce, "Auta, ya yi. Uku." Ta yi ta masha Allah. Na ce, "Naki fa?" Ta ce, "Kayya, nawa bana bai yi abin kirki ba, Yaya. Ina jin tsufa ya kama shi. Naki ne mai tashe yanzu."

Alhali 'yata ta riga ta je Dingaya a wannan satin, ta dawo ta nuna mini hoton furen Auta a waya: rumfar ta yi fari fat kamar an shanya auduga. Ban gaya wa Auta na gani ba. Na ce mata Allah ya sa baɗi ya yi, ta ce amin. Na ajiye wayar ina tunanin yadda ƙaryar ta zo mata a sauƙaƙe, don kawai kada raina ya sosu, ni da ban taɓa iya yi wa kowa irin wannan ba. Allah ya yafe mini, har wannan ma sai da na ji ƙyashinsa.